Jan baki da jemage: wa ke cin gonar, kuma me zai faru in aka haɗa su aka yi masu feshi?

Wai shin jemage tsuntsu ne? In kuma tsuntsu ne, me zai hana jirgin da gwamnati ke turowa feshin jan baki ya bi ta kan itatuwan da jemagu ke kwana ya gama da su gaba ɗaya kowa ya huta?

Ba ni na ƙirƙiro tambayar ba, a majalisarmu ta bayan isha'i nan wajen Ƙofar Ƙaura aka tada ta, saboda wani bidiyo da ya yi ta yawo a WhatsApp an ɗauko wasu halittu sun rufe sama baƙi ƙirin da magariba. Wanda ya turo ya rubuta wai jan baki sun shigo manoma a yi hattara, wani ya ce ƙarya ne wannan jemagu ne, sai wani dattijo da ke da lambun mangwaro ta hanyar Ajiwa ya ce shi duk ɗaya ne a wurinshi, duk tsuntsayen ɓarna ne a fesa masu magani kawai. Aka yi ta musu har mai shayi ya kwashe kayanshi ba a cimma matsaya ba. Ni kuma maganar Baba mai lambun nan ce ta tsaya mani a rai, don na lura mutane da yawa haka suka ɗauka, alhali in da za a bi shawarar nan, wanda ake so a rage ba zai ragu ba, wanda ake buƙata kuma shi zai ƙare.

Su wane ne ma ake magana a kansu

Jan baki ɗan ƙaramin tsuntsu ne dangin marai mai saƙa sheƙa, masana na ce mashi Quelea quelea. Tsawonshi bai wuce santimita 12 ba, nauyinshi wajen giram 20, in ka riƙe shi a tafin hannu kamar ba ka riƙe komai ba. Amma fa a duk duniya babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa, ana ƙiyasta sun kai biliyan ɗaya da rabi bayan sun gama ƙyanƙyasa, kuma duk a Afirka suke kudu da Sahara. Sunan daga jan bakin nan nashi ya samo asali, ko da yake macen bakinta na komawa rawaya lokacin da za ta yi ƙwai.

Jemage kuwa ba iri ɗaya ba ne, akwai sama da nau'i 1,400 a duniya. Akwai ƙananan nan da ke shiga soro da silin da rufin masallaci, su ƙwari suke ci. Wanda Baba mai lambu ke kuka da shi daban ne, babba ne mai fuska kamar ta ɗan kwikwiyo, gashin wuyanshi launin busasshiyar ciyawa, masana na kiranshi Eidolon helvum. Nauyinshi na kai giram 300, kenan sai ka tara jan baki 15 kafin su yi jemage ɗaya, in ya buɗe fukafukai kuma ya kusa santimita 80.

Don haka ko a bidiyo ba su da wuyar bambancewa. Garken jan baki kamar hayaƙi yake, ya murɗa nan ya murɗa can gaba ɗaya a lokaci guda, kuma da rana yake harkarshi, magariba na yi ya nufi makwanci. Jemagu kuma a daidai lokacin suke fitowa aiki, suna kaɗa fiffike a hankali kamar hankaka, kowa da tazararshi, duk sun miƙa gefe ɗaya. Bidiyon da aka yi ta musu a kai dai na kalle shi ya fi sau biyar, jemagu ne.

Tsuntsu ne ko ba tsuntsu ba

Tun muna yara aka ba mu tatsuniyar jemagen da in tsuntsaye suka zo karɓar haraji ya nuna masu haƙora ya ce shi dabba ne, in dabbobi suka zo ya buɗe fiffike ya ce shi tsuntsu ne. To a ilimin halittu ba shi da wannan mafakar, dabba ne mai shayarwa kamar akuya kamar mage. Ba ya ƙwai, haihuwa yake, uwar na da nono a gefen ƙirji kusa da hammata, ɗan na maƙale a jikinta har tana tashi da shi. Gashin jikinshi irin na ɓera ne ba irin na kaza ba, yana da haƙora, yana da kunnuwa a waje. Fiffiken ma in ka duba hannu ne, yatsu huɗu ne suka yi tsawo zaƙo-zaƙo aka shimfiɗa fata sirirya a tsakaninsu har zuwa ƙafa, babban yatsan ya rage a waje da ƙumba yana kama reshe da shi. A cikin duk dabbobi masu shayarwa shi kaɗai Allah ya ba tashi na gaske.

Wani ɗalibin ilimi a majalisar ya kawo hujja mai kyau, ya ce ai a tafsirin Jalalaini da ake karanta mana da azumi, wajen ayar da Annabi Isa alaihis salam ke yin siffar tsuntsu da yumɓu ya hura ta tashi da izinin Allah, an ce jemage ne. Haka ne an faɗa. Sai dai kalmar Larabcin da muke fassarawa da tsuntsu ta ƙunshi duk abin da ke tashi da fiffike, su kuma masana halittu da haihuwa da shayarwa suke raba aji, kaga ashe ba saɓani, kowa ma'aunin da ya ɗauka daban.

Sai maganar da ta fi ba ni dariya, wai jemage ta baki yake kashi. Yana da dubura lafiya lau, in zai yi ma juyowa yake ya rataya da babban yatsan nan kanshi a sama don kar ya ɓata jikinshi. Abin da ya jawo zancen shi ne yadda yake cin abinci, zai gatsi ɗan itace ya tauna ya matse ruwan da harshe ya haɗiye, sai ya tofar da tuƙar. Ita ce mutane ke gani a ƙarƙashin bedi da safe su ce kashi ne. Haka zancen makanta, wannan babban jemagen idonshi ƙato ne garau, da ido da hanci yake neman abinci. Ƙananan masu cin ƙwari su ne ke fitar da ƙara su saurari dawowarta su gane abin da ke gabansu, su ɗin ma suna gani.

Lissafin ɓarna

Nan ne bambancin ya fi fitowa fili. Jan baki ɗaya na cin hatsi wajen giram 10 a rana, rabin nauyinshi kenan. Za ka ce ai ba yawa. To 250 daga cikinsu sun tashi da tiya guda a wuni, garke mai miliyan 2 kuma, wanda ba wani abin mamaki ba ne a wurinsu, tan 20 zai ci a rana, buhu 200 kenan mai kilo ɗari-ɗari, ban da wanda suke kakkaɓewa ƙasa. Gero, dawa, shinkafa, alkama, duk mai ƙananan ƙwaya, musamman lokacin da zangarniya ke da ruwan nono ba ta bushe ba. Masara ce kawai ba su cika damunta ba don ƙwayar ta fi ƙarfin bakinsu. Duk wanda ya taɓa noman shinkafa a fadama ko alkamar rani a bakin dam irin su Jibia da Zobe ya san mene ne tsaron tsuntsu, yara tun asuba suna gona da gwangwani da majajjawa suna ihu har maƙogwaro ya dushe, makaranta kuwa sai an yi girbi.

Amma ko shi jan bakin a yi mashi adalci, asalin abincinshi ba hatsinmu ba ne, irin ciyawar daji ne. Ruwan sama yake bi, in damina ta faɗi irin ciyawar da ke ƙasa ya tsiro ba abin ci, sai ya tashi ya nufi inda ciyawa ta riga ta yi ƙwaya. Mu kuma mun share dajin mun mai da shi gona, mun kawo noman rani da ruwa a kwance lokacin da daji ya bushe ƙayau, to me kake tsammani? Ga kuma kacala da ta cike dausayin Haɗeja da Nguru ta zame masu makwanci mai wuyar shiga. Shi ya sa kukan jan baki ya fi yawa a Jigawa, Yobe, Borno, Kabi, Sakkwato da Zamfara, mu ma nan Katsina ba mu tsira ba, kuma tsuntsu ba ruwanshi da boda, ya kwana Nijar ya karya kumallo a Najeriya.

Jemage fa? Ko ƙwaya ɗaya ta gero ba ya ci. Haƙoranshi ba na hatsi ba ne. Abincinshi 'ya'yan itace da ruwan fure, su ɓaure, durumi, ceɗiya, 'ya'yan bedi, kaɗanya, sai kuma mangwaro da gwaba in ya samu, nan ne suka haɗu da Baba. Kuma kukan Baba gaskiya ne, mutum ya yi shekara yana ban ruwa ya wayi gari ya tarar da mangwaron da ya nuna an gatsa an yar, dole ranshi ya ɓaci. Waɗanda ke zaune kusa da itacen da suke kwana su ma suna da nasu, ga kuka ba dare ba rana, ga ɗoyi, ga kashi a kan shanya da mota, wani lokacin har reshe ke karyewa don nauyinsu. Sai dai asarar lambu guda daban, tashi da abincin ƙauye guda daban.

Abin da jemage ke biya wanda ba ma gani

Ki duba miyar da ke tukunyarki Hajiya. Daddawa daga kalwa take, kalwa daga ɗorawa, furen ɗorawa kuma, jan ƙwallon nan da ke reto a jikin doguwar igiya, da dare yake zubo da ruwan zaƙi. Ba don ƙudan zuma aka yi shi haka ba, su da safe suke zuwa kalen abin da ya rage, manyan baƙin dare jemagu ne masu cin 'ya'yan itace. Jemage zai kama furen ya lashe zaƙin, garin furen ya manne a gashinshi ya kai wa wata ɗorawar, a haka take ɗaukar 'ya'ya. Kuka ma haka, farin furenta da yamma yake buɗewa da wani irin wari da mu ba ma so amma jemage na so, kafin wata yammar ya yi yaushi. Rimi ma haka. Mutanen Funtuwa da Bakori da Malumfashi da har yau ke da ɗorawa a gonakinsu, da matan da ke dafa kalwa suna rufa wa kansu asiri, duk suna cin moriyar jemage ba su sani ba.

Sai shuka. Ƙananan iri kamar na ɓaure yana haɗiye su ya kasayar yana cikin tafiya. A Ghana akwai wani babban garke a tsakiyar birnin Accra, masu bincike suka ɗaura wa wasu daga ciki na'urar bin sawu, sakamakon da suka fitar a 2019 ya nuna jemagen na iya kai iri har nisan kilomita 75, kuma garke mai kimanin 150,000 na iya watsa iri sama da 300,000 a dare guda. Ka kwatanta nisan, kusan daga Katsina zuwa Daura kenan. Mu da muke cikin jihohi 11 da ake aikin dashen itatuwa don tare hamada, ana kashe kuɗi ana rainon dashe a leda ana bi da tankar ruwa, ga mai watsa iri kyauta yara na bin shi da danƙo. Ba kowane iri ke tsirowa ba tabbas, akuya da fari na cinye mafi yawa, amma dai shi yana nashi.

Kuma matafiyi ne na gaske, yana bin nunar 'ya'yan itace, da damina ya hauro arewa in ta wuce ya koma. A gandun dajin Kasanka da ke Zambiya duk shekara daga Oktoba zuwa Disamba suna taruwa har a ƙiyasta miliyan 10, Turawa na biyan kuɗi su je kallo, kuma an bi sawun wasu daga can sun yi tafiyar sama da kilomita 2,000.

Inda shawarar feshi ke rushewa

Haihuwa ce. Jan baki macen na yin ƙwai kamar 3, cikin kwana 10 zuwa 12 sun ƙyanƙyashe, bayan sati biyu da 'yan kwanaki 'ya'yan sun tashi, in damina ta yi kyau su ƙara gaba su sake wani zubin a shekarar. Sheƙunansu a dajin ƙaya sai su cike fili mai faɗin gaske, itace ɗaya ɗaruruwa. Ba su da tsawon rai, shekara biyu uku ne, dama yunwar rani na kashe da yawa ko ba a taɓa su ba. Shi ya sa aka shafe shekaru gommai ana feshi a Afirka ana kashe miliyoyi kuma har gobe suna nan. Ko a farkon 2023 Kenya ta shelanta za ta kashe har miliyan 6 saboda gonakin shinkafa a yankin Kisumu. Feshin na iya ceton gonakin da ke kusa da makwancin a wannan kakar, wannan gaskiya ne kuma manomin da ya ga jirgi ya zo ba zai ƙi murna ba, amma baɗi sai an sake.

Jemage kuwa ɗa ɗaya tak uwar ke haifa a shekara, kuma sai ta kai wajen shekara biyu kafin ta fara, in an bar ta tana iya yin shekara 15 ko fiye. Dabbar da ke haihuwa haka in ka kashe rabin garke ka jira shekaru kafin ya dawo, in ma ya dawo. Yanzu haka ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa shi a jerin waɗanda suka kusa shiga haɗari, saboda farauta da sare manyan itatuwa.

Maganin feshin kanshi, fenthion, guba ce da ke taɓa jijiya, ba ta tantance wane ne jan baki. Shaho da shirwa da mujiya da suka ci gawar suna bi, ga kifi, ga ƙudan zuma, shi ya sa a daji ake yin shi da magariba a kan makwancin tsuntsayen. Jemagu kuma ina suke kwana? Cikin gari, kan manyan itatuwan asibiti, makaranta, tsofaffin ma'aikatu. Ka ce jirgi ya zubo guba a nan? Wani abin tsoron ma, bayan feshi akwai masu zuwa su kwashe matattun tsuntsayen a soya a kai kasuwa, dan Allah duk mai son soyayyen tsuntsu ya riƙa tambayar na raga ne ko na feshi.

Batun cuta

Tun 2014 da Ebola ta shigo Legas aka yi daren wankan gishiri, sunan jemage ya ƙara ɓaci. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, masana na zargin jemagu da ɗaukar ƙwayar Ebola, Marburg kuma, wata cuta 'yar uwar Ebola, an tabbatar da maɓoyarta jemage ne, amma wani nau'in daban mai kwana a kogo da ramin ma'adinai ba wannan na kan itace ba. Shi namu a jikinshi aka fara gano wata ƙwaya dangin ta haukan kare a Legas a 1956. Zazzaɓin Lassa kuwa da wasu ke liƙa mashi, wannan aikin ɓera ne. Tsuntsaye ma ba wankakku ba ne, murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a wata gonar kaji a jihar Kaduna a 2006 masu kiwon kaji ba su manta ba.

Abin lura shi ne cutar ba daga sama take faɗowa kan mutum don jemage ya gitta ba, sai an taɓa, an yanka, an feɗe, ko ya yi cizo ko yakushi. Kenan ranar da aka ce a fito a kashe su, ranar ce aka fi kusantar cutar, yara za su yi ta tsintar masu rai da matattu da hannu. An gwada a Uganda, bayan Marburg ta kama masu haƙar ma'adinai a ramin Kitaka aka bi jemagun ramin aka hallaka a 2008. Da wasu suka dawo suka cike ramin, sai aka tarar masu ɗauke da ƙwayar a cikinsu sun ninka na da fiye da sau biyu, a 2012 kuma cutar ta ɓarke a garin Ibanda da ke kusa.

To mai gona da mai lambu su yi yaya

Na jan baki ba na mutum ɗaya ba ne. Gonar da ta riga kowa nuna ko ta yi saura ita kaɗai a fili ita ke shan kashi, don haka shuka a lokaci ɗaya da maƙwabta na raba asarar. A cire ciyawa don irinta ne ke fara jawo su, a girbe da zarar ya nuna kar a bar shi tsaye, inda abin ya yi tsanani wasu na komawa gero mai gashi, gargasa, don gashin na tsokane masu ido. In an ga inda suke kwana ko suka fara saƙa a kai rahoto wajen malaman gona da wuri kafin su ƙyanƙyashe. A yankin tafkin Chadi kuma raga ake kafa masu da dare a kama dubbai a soya a sayar, ga nama mai tsafta ba guba ga kuɗin cefane.

Shi kuma Baba abin da na faɗa mashi washegari da muka haɗu a masallaci shi ne, Baba jemage nunanne yake bi da hanci, ɗanye bai dame shi ba, in mangwaro ya ƙosa a tsinke shi ya ƙarasa nuna a gida, dama wanda za a loda a mota zuwa kasuwa ba a bari ya nuna a sama. Itacen da bai yi tsawo ba a lulluɓe shi da raga, masu aure da ake sayarwa da tsada a ɗaura masu ɗan buhu ko takarda. In da ɓaure ko durumi a gefen lambun kar a sare, shi ke ɗauke masu hankali. Wanda aka tarar an gatsa a ƙasa kar a ba yara kar a yanke gefen a sha, a binne shi, in kuma jemage ya ciji wani a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15 a wuce asibiti a ranar. Ya saurare ni tsaf ya ce duk ya ji, amma kuɗin ragar wa zai biya, don itacen mangwaronshi arba'in da biyu ne.